Samarin da ke Koyon Binciken Ciwon Ido

Jama'ar ƙauyuka da dama na jihohin Maraɗi da Damagaram sun sha ganin wata irin tawaga. Mota takan tsaya ƙofar maigari da hantsi. Samari biyu ko uku su sauko, wani lokaci da mace a cikinsu. Ɗaya da tabarau mai ƙara girman abu ɗaure a kai. Ɗaya riƙe da salula yana rubutu. Ba kowane gida suke shiga ba. Su shiga wannan, su tsallake wancan. Su juya fatar idon yara, su duba, su rubuta. Wanda suka tarar da ciwo su ba shi magani ko takardar zuwa gidan likita. Kafin magariba sun kama hanya. Sai a bar mutane da tambaya: wane irin likita ne wannan, da zai duba yaran wani gida ya ƙyale na maƙwabta?

Ba rabon magani ya kawo su ba. Masu bincike ne, kuma da yawa daga cikinsu koyon aikin suke yi. Likita mai magani mutum ɗaya yake dubawa. Mai bincike gari yake dubawa, ko gunduma sukutum. Tambayarsa ita ce: mutum nawa ke da ciwon, me ya kawo shi, wane magani ya fi wani? Maganin da ake rabawa a ƙauye, da sandar da ake auna tsawon yaro da ita kafin a ba shi, sai da wani ya yi shekaru yana gwada su kafin su iso. Shi kuwa wanin nan ba da sanin aka haife shi ba. Koya masa aka yi.

Ciwon da ake koyo a kansa

A Nijar, amodari shi ne babbar makarantar masu binciken ido. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda ido ba ya iya gani. Tana zama cikin kwantsa da majinar yara. Hannu yana ɗaukarta. Gefen zanen da ake share wa yaro fuska da shi yana ɗaukarta. Ƙuda ma yana kai ta daga wannan ido zuwa wancan.

Kamu ɗaya ba ya makantarwa. Amma in yaro ya yi ta kamuwa shekara da shekaru, cikin fatar idonsa yakan yi tabo. Tabon ya tsuke, ya jawo bakin fatar ciki. Sai gashin ido ya juya, yana gogar baƙin ido duk ƙiftawa. Kowa ya san irin tsohuwar da ba ta rabuwa da matsefata, tana tsige gashin nan don ta samu sauƙi. Ƙarshen gogar hakiya ce, ƙarshen hakiya makanta. Mata sun fi maza shan wannan wahala, har ninki huɗu a waɗansu wurare, domin su ne ke tare da yara dare da rana.

An daɗe ana gardama kan abin da ke kawo ciwon. Sai a 1957 wani masani ɗan ƙasar Sin, Tang Feifan, ya ba da labarin cewa shi da abokan aikinsa sun raya ƙwayar cikin ƙwan kaza. Don ya tabbatar ita ce, ya sa ta a idonsa, ciwon kuwa ya kama shi. Yau ba malamin da zai bar ɗalibinsa ya yi haka.

Darasin farko: juya fatar ido

Darasin farko ba ya bukatar babbar na'ura. Ɗalibi ya wanke hannu. Ya ce wa yaro ya dubi ƙasa. Ya kama gashin ido na sama da yatsu biyu, ya danna fatar, ya juya ta. In hannu ya ƙware, yaro ba ya jin zafi, sai ɗan tsoro. In bai ƙware ba, kuka ya tara unguwa, sauran yaran su watse bayan rumbuna. Shi ya sa ɗalibai kan fara gwadawa a idon junansu.

Juyawar ita ce mai sauƙi. Gane abin da aka gani shi ne aikin. A da, kusan kowane likita da irin nasa awon. Wannan ya ce rabin yaran gari kaza suna da amodari, wani ya zo bayansa ya ce ba su kai haka ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kasuwa maganar ta zauna. A wajen bincike kuwa ƙima ba ta isa ba, sai an kawo mudun.

A 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da mudu ɗaya mai sauƙi, mai alamomi 5. Ta farko ita ce uwar tafiya: ƴan ƙuraje farare-farare a cikin fatar ido ta sama. Sai sun kai 5 ake cewa yaro yana da ciwon. In 4 ne, ba a lissafa shi. Kuma kowane ƙurji sai faɗinsa ya kai rabin milimita. Ƙwayar gero ta ninka wannan sau da yawa. Sauran alamomin su ne ja da kumburi mai tsanani, da tabo, da gashi ko da ɗaya ne mai taɓa ido, da hakiya. Tabaraun da ke kan ɗalibi yana ninka girman abu sau biyu da rabi. A ƴan shekarun nan har da wata ƴar takarda mai ɗigo-ɗigo ake liƙa masa a farcen babban yatsa, kowane ɗigo rabin milimita, don ya riƙa gwada ƙurjin da shi.

Sannan jarrabawa. A babban aikin ƙidayar amodari na duniya, wanda aka yi daga 2012 zuwa 2016, akan jera yara 50. Malami ya duba su shi kaɗai, ya rubuta, ya ɓoye takardarsa. Ɗalibi ya duba su shi ma. Sai a haɗa takardun biyu. In saɓaninsu ya wuce iyakar da aka tsayar, ɗalibi ba ya fita aiki, ko da babban likita ne mai takardu cike da akwati. Da waɗanda suka ci wannan jarrabawa aka duba idon mutum miliyan 2.6 a ƙasashe 29.

Abin mamaki, nasara ta kawo tata matsalar. Inda amodari ya ragu ƙwarai, da wuya a samu isassun yara masu ƙurajen da za a koya a kansu. Sai aka koma koyarwa da hotuna. Hoto kuwa ba ya kuka, ba ya fizge kai.

Darasi na biyu: ƙuri'a

Me ya sa ake tsallake gidaje? Mai sayen buhun gujiya ba ya yarda da ta saman buhu. Yakan zura hannu tsakiya, ya tono ta ƙasa. Ba ya zazzage buhun duka, amma yakan san abin da ke ciki. Haka ake koya wa ɗalibi. In ya bi ƙauyukan bakin hanya kaɗai, zai ga inda ke da famfo da gidan likita, ya ce ciwon ya ƙare. In ya zauna ƙofar maigari ya ce a kawo masu ciwon ido, zai ga marasa lafiya zalla, ya ce gari duk ya kamu. Duka biyu ƙarya ce, ko da bai yi niyyarta ba.

Saboda haka akan rubuta sunayen ƙauyukan gunduma duka, a fitar da 20 zuwa 30 da ƙuri'a. A kowane ƙauye kuma a fitar da gidaje kamar 30, su ma da ƙuri'a. In ta faɗa kan ƙauyen da mota ba ta kaiwa, a tafi da amalanke ko da ƙafa. Ba a musanya shi da na kusa. A gidan da aka shiga, akan duba kowa daga mai shekara 1 zuwa sama. Akan tambayi nisan rijiya, a leƙa a ga ko akwai salga. Yaron da ya tafi kiwo, akan dawo nemansa kafin a bar garin. Nan ne ake gane ɗalibin kirki da mai neman kuɗin rana kawai.

Akwai gibin da ya kamata a faɗa. Rugga mai tashi ba kullum take cikin jerin sunayen ƙauyuka ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa ƙuri'a ba ta faɗa masa. Yaran makiyaya suna da ido kamar na kowa, kuma mai binciken da ya tashi a rugga shi ya fi sanin mashayar da za a same su da watan da suke sauka.

Ƙidayar nan ita ke yanke hukunci. In yara ƴan shekara 1 zuwa 9 masu ƙurajen sun kai 5 cikin 100, gunduma ta cancanci rabon magani ga kowa da kowa. In sun kai 10 cikin 100, a yi shekara 3 ana rabo. In sun kai 30, a yi shekara 5, sannan a sake ƙidaya. Wanda ya yi ƙidayar ganin dama, ko dai ya hana dubban yara magani, ko ya tura shi inda ba a bukata.

An kafa shirin yaƙi da makanta na Nijar a 1987. Babbar ƙidayar amodari ta ƙasa an yi ta daga 1997 zuwa 1999. Ta nuna a jihar Damagaram fiye da yara 6 cikin 10 suna da ciwon, a Difa fiye da rabi, a Maraɗi kusan rabi. Shi ya sa da aka tashi rabon magani a 2002, daga Damagaram aka fara.

Doguwar hanya

Mai binciken ido daga lakwal ɗin ƙauye yake farawa kamar kowa. Wanda zai zama babban likita sai ya yi shekara 7 ko 8 a jami'a. A 1974 aka buɗe sashen koyon aikin likita a jami'ar Yamai. Daga baya jami'o'in Maraɗi da Damagaram suka buɗe nasu. Bayan wannan, ƙwarewa a kan ido kaɗai tana cin shekara 4.

Shekaru masu yawa, hanyar wannan ƙwarewa ta Bamako take bi. Can akwai cibiyar ido da ake kira IOTA. An kafa ta a 1953, kuma asalinta don amodari aka yi ta. Likitoci da malaman asibiti na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, har da na Nijar, da yawa can suka koyi ido. A Landan ta Ingila kuma akwai wata cibiya da aka buɗe a 1980, wadda ke koyar da lafiyar idon jama'a, wato yadda za a duba gari gaba ɗaya. Tun 1988 take fitar da mujalla ga ma'aikatan ido na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma tana da bugun Faransanci.

Amma ba likita kaɗai ke bincike ba. Akwai malamin asibiti mai fiɗar fatar ido. Akwai mai lissafi, wanda bai taɓa juya idon kowa ba amma ba a gama aiki sai da shi. Akwai mai aikin ɗakin bincike, da masanin ƙwari, da mai zama da mata yana tambayarsu abin da ya hana su zuwa fiɗa alhali kyauta ce.

Takarda dai ba ta mai da mutum mai bincike. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saurayi yakan liƙe wa wani babba da ya riga shi, kamar yaron maƙeri da ke fara da zuga. Ya ɗauki akwatin sanyi. Ya rubuta lambobi a jikin kwalabe. Ya gyara ƙidayar da ta karkace. Wata rana a ba shi ƴar tambaya tasa, a ce je ka nemo amsarta, ka rubuta, ka tsaya gaban masana su tsettsefe ta.

Gona biyu, iri biyu

Babban darasi shi ne gwaji. Manomin da aka kawo wa sabon iri ya san dabarar. Yakan shuka sabon a gefe, tsohon a gefe, ƙasa ɗaya, damana ɗaya, ya jira kaka. In ya ba sabon irin wurin da ya fi taki, ya cuci kansa. Don kada son zuciya ya shiga, masu bincike ƙuri'a suke sa wa ta raba: wannan rukuni a ba shi wannan magani, wancan a ba shi wancan.

A da maganin amodari man ido ne na tetrasaklin, safe da yamma har mako 6. Wace uwa ce mai surfe da ɗiban ruwa da aikin gona za ta kama yaro sau 84 ba fashi? A 1993 masu bincike a ƙasar Gambiya suka ba da sakamakon wani gwaji: shan azitromisin sau ɗaya ya yi aikin da man ke yi a mako 6. Daga 1998 kamfanin Pfizer ya ɗauki alkawarin ba da maganin kyauta don yaƙi da amodari. A Gambiyar nan kuma wasu suka zauna da ƴar koma suna kama ƙudajen da ke sauka fuskar yara, suna ƙirgawa. Ƙudan da ke son ido a kashin mutum da aka bari a fili yake ƙyanƙyasa, ba ya yi cikin ramin salga. A garuruwan da aka gina salga, ƙudajen fuskar yara sun ragu da kusan 30 cikin 100.

Ba kowane gwaji ke ba da amsar da ake so ba. A yankin Kornaka na jihar Maraɗi an ɗauki ƙauyuka 12. Ƙuri'a ta fitar da 6 aka fara yi musu rijiyar ruwa mai tsabta, aka yi musu ɗan wa'azin wanke fuska. Bayan shekara 2 aka gwada su da ƙauyukan da ba a yi wa ba. Sakamakon da aka buga a 2010 ya ce ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba wajen ƙwayar cutar. Kowa ya so rijiyar ta yi nasara. Masu binciken suka rubuta abin da suka gani: ruwa kaɗan da wa'azi kaɗan ba su isa ba. Wannan ba ya nufin a bar wanke wa yara fuska. Yana nufin aikin ya fi yadda aka zata girma. Ɗalibin da ya koyi rubuta sakamakon da bai yi masa daɗi ba, ya haye mafi wuyar darussan.

Daga 2010 aka yi wani babban gwaji a yankin Matamaye, ƙauyuka 48, tare da wata cibiyar jami'ar Kaliforniya ta Amurka. Furofesa Abdu Amza, likitan ido ɗan Nijar wanda ya daɗe yana jan ragamar shirin lafiyar ido na ƙasa, yana cikin jagororinsa. Tambayar ita ce: tun da yara ne rumbun cutar, in aka ba yara kaɗai sau 2 a shekara, zai kai ba wa gari duka sau 1? A nan ba a tsaya ga ganin ido ba. Akan goga tsinke mai auduga a cikin fatar ido, a sa a kwalba mai lamba, a ajiye a sanyi, a nemi ƙwayar cutar kanta a ɗakin bincike. Mai awon ba ya sanin ƙauyen da kwalba ta fito. Da farko kusan yaro 1 cikin 5 yana ɗauke da ƙwayar. Bayan shekara 3 ta faɗi ƙwarai a rukunonin biyu, kuma ba wa yara kaɗai bai gaza ba.

Akwai doka a kan duk wannan, kuma yana da kyau jama'a su san ta. Ba a fara gwaji sai kwamitin ƙasa mai kula da haƙƙin mutane a wajen bincike ya amince. Yardar maigari ba ta wadatar, sai ta uba ko uwar yaro. Dole a yi bayani da harshen da mutum ke ji. Wanda ya ƙi, ba a hana shi magani a gidan likita saboda ya ƙi. Ɗalibin da bai iya wannan bayani cikin ladabi ba, da sauransa.

Abin da ɗalibi ɗaya ya gano

Maganin gashin da ya juya fiɗa ce ƴar ƙarama, wadda malamin asibiti da aka horar ke yi ko a ƙauye. Yanzu masu koyo kan fara a kan wani kai na roba mai fatar ido da ake sauyawa, kafin su taɓa mutum. Amma wani lokaci gashin yakan sake juyawa bayan fiɗa. Akwai manyan hanyoyi 2 na yankan, kuma kowane malami nasa yake yabo.

Wani ɗan Habasha, Esmael Habtamu, ya ɗauki wannan tambaya a karatunsa na digirin dokta. A jihar Amhara aka raba mutum 1,000 da ƙuri'a, rabi wannan yanka, rabi wancan. Bayan shekara 1 aka bi su aka duba. Sakamakon ya fito a 2016. A hanya ɗaya gashin ya dawo wa 13 cikin 100, a ɗayar 22. Wadda ta yi nasara ita ce ake yanka ta cikin fatar ido, dangin wadda asibitocin yankin nan suka sani da sunan Trabut. Aikin ɗalibi ne, amma ya shafi idon dubban tsofaffi da bai taɓa gani ba.

Ana neman ido, aka tsinci rai

A Habasha ɗin dai, masu gwajin amodari suka lura da wani abu a 2009. A garuruwan da aka raba azitromisin, mutuwar yara ta yi ƙasa. Ba shi suka fita nema ba. Don a tabbatar, aka shirya gwaji a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A nan ƙasar, gundumomin Boboye da Loga na jihar Doso aka ɗauka. Yara daga wata 1 zuwa ƙasa da shekara 5 aka riƙa ba wa, sau 2 a shekara. Rabin ƙauyukan maganin gaske, rabi wani abu mai kamarsa da ba shi da magani a ciki. Mai rabo da mai sha duk ba su san wanne ne wanne ba. A 2018 aka ba da sakamako: mutuwar yara ta ragu da 18 cikin 100 a Nijar, fiye da sauran ƙasashen biyu. Masu binciken nan kuma su ne suka nuna ɗaya gefen: inda ake yawan shan maganin, ƙwayoyin cutar da ba su jin sa suna ƙaruwa.

Sai dai akwai abin dubawa. Kuɗin irin waɗannan gwaje-gwaje daga waje suke zuwa, kuma kwalabe da yawa sai da suka ƙetare teku kafin a auna su. Wanda ya biya kuwa yakan fi ƙarfin faɗa wajen zaɓen tambaya. Saurayin da ya shekara 10 yana ɗaukar akwatin sanyi, bai taɓa yin lissafin da kansa ba, bai taɓa rubuta takarda da sunansa a gaba ba, ma'aikaci ne nagari amma ba a gama horonsa ba. Yanar ido da hawan jinin ido suna makantar da mutane da yawa a ƙauyuka, kuma tambayoyinsu suna jiran ƴan ƙasa da za su ɗauke su.

Masu kamun ƙuda a bakin rafi

Akwai misalin abin da horo mai ɗorewa ke haifarwa. Makantar rafi wata tsutsa ce ke kawo ta, wani ɗan baƙin ƙuda mai ƙyanƙyasa a ruwa mai gudu ke yaɗa ta da cizo. A Nijar ta fi yawa a yamma, bakin rafukan da ke zuba cikin kogin Kwara, irin su Tapowa da Mekuru da Sirba. Uwar tsutsar takan rayu shekara 10 zuwa 15 cikin ƙullutu a jikin mutum. Ƴaƴanta su bi fata da ƙaiƙayi, su shiga ido. Garuruwa sun tashi sun bar fadamu masu albarka saboda ita.

A 1974 ƙasashe 7, har da Nijar, suka haɗu da OMS a wani shiri mai hedkwata a Wagadugu. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa zuba magani a rafuka kowane mako. Amma wa zai ce maganin yana aiki? Sai aka horar da mutane. Wani ya zauna bakin rafi daga safe zuwa yamma, ƙafafu a buɗe, yana kama duk ƙudan da ya sauka kafin ya cije shi. Wani ya feɗe ƙudan a ƙarƙashin madubin likita yana neman tsutsa. Shirin ya tura samarin Afirka da yawa karatun ƙwari da ido da ƙidayar cuta, kuma daga 1980 zuwa 1994 likita ɗan Gambiya, Ebrahim Samba, shi ya shugabance shi. A 1980 masana ƙwarin suka gano ƴaƴan ƙudan wani kogi a Kodibuwa sun daina jin maganin. Da ba a gani da wuri ba, da aikin shekaru ya rushe. Aka koma jujjuya magunguna iri-iri. Kafin a rufe shirin a 2002, OMS ta ƙiyasta ya tsare mutum 600,000 daga makanta.

Ranar 30 ga Janairu 2025 OMS ta shaida cewa Nijar ta kawar da yaɗuwar makantar rafi. Ita ce ta farko a Afirka, ta 5 a duniya. Ba da baki ake ba da irin wannan shaida ba. Sai an kawo hujja: dubban ƙudaje da aka kama aka auna, da jinin dubban yara da aka gwada.

Shi kuwa amodari, Ghana ta samu shaidar kawar da shi a 2018, Togo a 2022, Mali da Benin a 2023. Zuwa ƙarshen 2024 Nijar ba ta shiga jerin ba, ko da yake gundumomi da yawa sun daina bukatar rabon magani. Akwai wuraren da aka sha rabo amma ƙurajen suka ƙi sauka ƙasa da 5 cikin 100. Akwai inda suka sauka, aka dawo bayan shekara 2 aka tarar sun sake hawa. Ko ƙwayar ce ta dawo, ko wani abu ne daban ke kawo ƙuraje masu kama da nata? Ganin ido kaɗai ba ya raba wannan gardama. Shi ya sa a irin waɗannan wurare akan ƙara da tsinken auduga, da ɗigon jini daga yatsan yaro a kan wata ƴar takarda. A shanya ta ta bushe, a sa cikin leda, a kai ɗakin bincike. Jinin yana nuna ko yaron ya taɓa haɗuwa da ƙwayar tun haihuwarsa. In ƙananan yaran gari duk ba su taɓa haɗuwa da ita ba, yaɗuwa ta tsaya. Masu ƙidayar 1997 ba a koya musu karanta wannan takarda ba. Samarin yanzu ana koya musu.